Tsofaffin Fina-finan Hollywood da Gidajen da Ke Raya Su

Daga cikin al'amuran wannan zamani da suka cancanci mai hankali ya tsaya ya yi musu nazari, akwai wata al'ada da ta kafu a manyan biranen Amurka da na Turai, inda za ka tarar gidan sinima ya cika maƙil da jama'a, dattawa da samari, malamai da almajiransu, kowa ya biya kuɗinsa ya zauna, alhali kuwa fim ɗin da suka taru dominsa an yi shi tun shekara saba'in ko tamanin da suka shige, galibi ma baƙi da fari ne, waɗanda suka fito a cikinsa duk ƙasa ta rufe idanunsu, kuma da yawa daga cikin masu kallon suna iya samunsa a wayar da ke aljihunsu ba tare da sun taka ko nan da can ba. Wanda bai san asalin abin ba zai ɗauka marmarin zamanin da ne kurum yake ɗibar mutane. To, amma idan aka bi tarihin yadda aka yi waɗannan fina-finai, da yadda mafi yawansu suka salwanta, da irin wahalar da wasu bayin Allah suka sha kafin su ceto ragowar, za a gane cewa wannan taro da ake yi a cikin duhu shi ne mataki na ƙarshe na wani aikin riƙon amana, wanda in ba a yi shi ba duk sauran wahalar ta tashi a banza.

Yadda unguwa ta zama daula

Hollywood unguwa ce a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya, can gaɓar yammacin Amurka. Sana'ar fim kuwa a gabashin ƙasar ta fara, a New York da kewayenta, inda Thomas Edison, wanda ke riƙe da haƙƙin mallakar wasu na'urorin ɗaukar hoto, ya haɗa kai da waɗansu kamfanoni a 1908 suka kafa ƙungiyar da ta hukunta cewa ba mai ɗaukar fim ko haska shi sai da izininta. Ƙananan masu sana'ar, da suka ga an ƙuntata musu, sai suka riƙa yin hijira zuwa yamma, inda suka yi nisa da lauyoyin Edison, suka kuma tarar da rana mai haske kusan duk shekara, da ƙasa mai araha, da hamada da duwatsu da teku duk a kusa da juna, ta yadda mai shirya fim zai iya nuna kowace irin ƙasa ba tare da ya yi doguwar tafiya ba. A 1911 aka buɗe ɗakin shirya fim na farko a cikin unguwar, kafin shekara goma kuwa ta zama cibiyar sana'ar a duniya, musamman da yake Yaƙin Duniya na Farko ya karya kamfanonin Faransa da Italiya waɗanda da su ne a gaba.

Fina-finan wancan lokaci bebaye ne, ba a jin muryar kowa, sai dai a rubuta 'yan kalmomi a allo, mai kiɗa kuma yana zaune a gaban jama'a yana bin labarin da fiyano. Wannan rashin magana shi ya ba su damar ratsa ƙasashe, domin fuska da motsin jiki ba su bukatar tafinta. Babu wanda ya ci moriyar haka kamar Charlie Chaplin, wanda aka haifa a Landan a 1889 cikin matsanancin talauci, ya ƙirƙiro surar wani matalauci mai ɗan gashin baki da ƙaramar hula da manyan takalma da sanda, wanda duniya ke wulaƙantawa amma bai yarda ya zubar da mutuncinsa ba, har ya zama fuskarsa tana cikin waɗanda aka fi sani a bayan ƙasa. A 1927 kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, wanda a cikinsa aka ji ɗan wasa yana waƙa yana magana, cikin shekara uku kuwa zamanin bebayen fina-finai ya kau, taurari da yawa suka kau tare da shi. A 1929 aka fara raba lambar yabo ta Oscar.

Daga nan aka shiga abin da masana suke kira zamanin zinariya, wanda ya kai wajen 1960. Manyan kamfanoni biyar, wato MGM da Paramount da Warner da Fox da RKO, su ne ke shirya fim, su ne ke rarraba shi, su ne kuma suka mallaki manyan gidajen da ake haska shi, sai wasu uku, Universal da Columbia da United Artists, suna bin bayansu. Kowane kamfani gari ne mai zaman kansa, da marubutansa da maɗinkansa da kafintocinsa da makaɗansa da masu gadinsa, yana iya fitar da fim kusan kowane mako, kuma a shekarar 1946, lokacin da abin ya kai maƙura, an ƙiyasta cewa tikitin da ake sayarwa a Amurka a mako guda ya kai miliyan 80 ko fiye.

Taurari da abin da ɗaukaka ta ci musu

Jarin kamfani mafi tsada shi ne taurarinsa, kuma kamfanin ne ke ƙera su da hannunsa. Yakan ɗauko yaro ko yarinya ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da su, ya koya musu tafiya da magana da rawa, ya sauya musu suna, wani lokaci har da tarihin haihuwa. Ta haka Archibald Leach, ɗan talakawan Bristol ta Ingila, ya zama Cary Grant, Marion Morrison ya zama John Wayne sarkin fina-finan kaboyi, Margarita Cansino kuma aka rina mata gashi aka gyara mata goshi domin a ɓoye asalinta na Sifaniyawa, aka kira ta Rita Hayworth. Wanda ya ƙi fitowa a fim ɗin da aka zaɓa masa sai a dakatar da shi ba albashi, sa'an nan a ƙara kwanakin dakatarwar a kan shekarun yarjejeniyarsa, ta yadda bakwai ɗin ba ta ƙarewa. Olivia de Havilland ce ta kai kamfanin Warner ƙara a kan wannan zalunci, kotun Kalifoniya ta ba ta gaskiya a 1944, hukuncin ya zama hujja ga duk waɗanda suka biyo baya. Wasu kuwa ba su tsira ba: Marilyn Monroe ta mutu a 1962 tana da shekara 36, Judy Garland, wadda ta faɗa da bakinta cewa tun tana yarinya ake ba ta ƙwayoyi domin ta jure aiki ta kuma rage ƙiba, ta mutu a 1969 tana da shekara 47. Lalle akwai izina a cikin wannan ga duk mai ganin shuhura ita ce ƙarshen buri.

Wani abin da ya ba fina-finan zamanin kamanninsu shi ne dokar ladabi da kamfanonin suka ɗora wa kansu a 1930, aka tsananta aiki da ita daga 1934, saboda matsin malaman coci da ƙungiyoyin iyaye. Dokar ta hana tsiraici da ashar, ta kuma wajabta cewa mai laifi kada ya ƙare labari yana cin riba. Tana da nata zaluncin, domin har soyayya tsakanin baƙi da fari ta haramta nunawa. Amma ta haifar da wata fa'ida da masu kafa ta ba su yi nufi ba, wato ta tilasta wa marubuta da masu ba da umarni su bar bayyana abu ƙarara su koma ga ishara da kinaya, har ya zama rufe ƙofa, ko ɗauke kai, ko shirun da ya biyo bayan tambaya, yana isar da abin da a yau sai an kwashe minti biyar ana nunawa. Ma'abota ilmin balaga sun daɗe da sanin cewa kinaya ta fi faɗa kai tsaye ratsa zuciya, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa uba zai iya zama da 'ya'yansa su kalli galibin waɗannan fina-finai ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Idan ana son misali guda da ya tattara kyawun wannan zamani, to, Casablanca ne, wanda Michael Curtiz ya ba da umarninsa, aka fara haska shi a watan Nuwamba na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Humphrey Bogart ya fito a matsayin Rick, Ba'amurke mai gidan shaƙatawa a birnin Casablanca na Maroko, inda 'yan gudun hijirar Turai suka taru suna neman takardar fita. Sai ga matar da ya taɓa so, wadda Ingrid Bergman ta fito a matsayinta, ta shigo tare da mijinta, jagoran masu yaƙi da mulkin Hitila, kuma takardun da za su cece su suna hannun Rick. Yana da ikon ya riƙe matar ya bar mijin ya halaka, amma a ƙarshe ya sa su a jirgi su biyu, ya zaɓi maslahar jama'a a kan son zuciyarsa. Abin da ya ƙara wa fim ɗin nauyi shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka fito a matsayin 'yan gudun hijira, 'yan gudun hijirar ne na haƙiƙa. Conrad Veidt, wanda ya fito a matsayin hafsan Nazi, ya bar Jamus a 1933 tare da matarsa Bayahudiya, Madeleine Lebeau kuma, wadda ake ganin hawaye a idonta lokacin da jama'ar gidan suka tashi suna rera taken Faransa domin su danne waƙar sojan Jamus, ta gudo daga Paris ne a 1940. Da adalci kuma a faɗa cewa a Kalifoniya aka ɗauki fim ɗin, kuma mutanen Maroko, masu garin, da ƙyar ake ganinsu a cikinsa.

Wuta da ruɓewa da sakaci

Daular ta fara tsagewa a 1948, lokacin da Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin da ya raba kamfanonin da gidajen sinimarsu, talabijin kuma ya shiga gidaje ya zaunar da mutane. Kamfanonin suka mai da martani da faffaɗan allo da launi da fina-finai masu dubban mutane, irin su Ben-Hur na 1959 wanda ya ci Oscar 11, amma tsohon tsarin bai dawo ba, RKO ma ya daina shirya fim tun a 1957, dokar ladabin kuma aka jingine ta a 1968.

Sai dai tun kafin wannan, wata hasara mafi girma tana gudana a ɓoye. Zaren da ake ɗaukar fim a kansa har zuwa wajen 1951 da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda ɗan'uwan albarushi ne: yana kamawa da wuta cikin sauƙi, in ya kama ruwa ba ya kashe shi, in kuma aka ajiye shi cikin zafi sai ya narke ya manne, daga bisani ya zama gari. A 1937 rumbun kamfanin Fox da ke New Jersey ya ƙone da mafi yawan bebayen fina-finansa, a 1965 kuma na MGM ya kama. Abin da wuta ta bari, masu shi suka ƙarasa, domin a ganinsu fim haja ce kamar kowace, in ta gama kasuwarta ba ta da sauran amfani, har sukan narkar da tsofaffin faifai domin su tatsi 'yar azurfar da ke jikinsu. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya wallafa a 2013 ya nuna cewa daga cikin dogayen bebayen fina-finai kusan 11,000 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungum. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira ma da ikon Allah kawai suka tsira, kamar faifai fiye da 500 da aka tono a 1978 a garin Dawson na arewacin Kanada, inda aka cike wani tsohon ramin wanka da su, ƙanƙarar ƙasa ta adana su kusan shekara hamsin.

Waɗanda suka fara ganin cewa wannan haja gado ce 'yan ƙalilan ne. A 1935 Iris Barry ta kafa taskar fina-finai a gidan adana kayan fasahar zamani na New York, a shekarar kuma aka kafa irinta a Landan ƙarƙashin Ernest Lindgren, a 1936 Henri Langlois da abokansa suka kafa ta Paris, kuma lokacin da Jamus ta mamaye Faransa Langlois ya riƙa ɓoye faifai domin kada a ƙwace su ko a lalata su. Tsakanin Lindgren da Langlois aka sami saɓani mai daɗewa wanda har yau ake tattaunawa. Lindgren yana ganin wajibi na farko shi ne a killace faifai, kada a haska wanda ba shi da kwafi, domin kowace haskawa tana cin jikinsa. Langlois kuwa yana ganin fim ɗin da aka kulle ba a kallo, da shi da wanda ya ƙone duk ɗaya ne. Duk wanda ya san halin littattafan rubutun hannu da kakanninmu malamai suka bari zai gane wannan mas'ala, domin littafin da aka bari a hannun kowa yakan yage, wanda aka kulle a adaka kuma gara ta ci shi ba wanda ya sani, abin da ya rayar da ilmi shi ne a kwafa da kyau sa'an nan a zauna a karantar. Zamani ya nuna kowane ɗayansu yana riƙe da rabin gaskiya, kuma taskokin yau sun haɗa ra'ayoyin biyu: a killace asali a ɗaki mai sanyi, a fitar da kwafi a kai wa jama'a.

Gidajen da suka buɗe ƙofa

A ɗan ƙaramin ɗakin da Langlois yake haska fina-finai a Paris bayan yaƙi, wasu samari suka riƙa zama dare bayan dare, cikinsu har da François Truffaut da Jean-Luc Godard, waɗanda daga baya suka zama manyan masu shirya fim. Su ne suka rubuta cewa mutane irin su Alfred Hitchcock da Howard Hawks, waɗanda Amurka ta ɗauka ma'aikatan kamfani ne kawai, mawallafa ne masu salo na kansu kamar yadda marubucin littafi yake da shi, kuma daga Faransa wannan ra'ayi ya koma Amurka. A can kuma, a garin Cambridge na jihar Massachusetts, wani ƙaramin gida mai suna Brattle ya fara haska fina-finan Bogart bayan mutuwarsa a 1957, ya mai da abin al'ada a lokacin jarrabawar ɗaliban jami'ar Harvard, har ɗaliban suka haddace maganganun Casablanca suna faɗa tare da 'yan wasan. Daga irin waɗannan gidaje al'adar ta bazu zuwa New York da San Francisco da sauran garuruwan jami'a.

Albarkar wannan aiki ta bayyana a kan mutane da kuma fina-finai. Buster Keaton, gwanin barkwanci wanda aka san shi da rashin murmushi a fim, an manta da shi shekaru da yawa, amma ya rayu har ya ga jama'a sun miƙe tsaye suna tafa masa a bikin fina-finai na Venice a 1965, 'yan watanni kafin mutuwarsa. Chaplin, wanda aka hana shi komawa Amurka a 1952 bisa zargin siyasa, an gayyato shi a 1972 aka ba shi lambar girmamawa yana tsoho. Citizen Kane, wanda Orson Welles ya yi a 1941 yana ɗan shekara 25, bai mai da kuɗinsa ba a farko, amma daga 1962 har zuwa 2002 shi ne yake zuwa na ɗaya a ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ta Ingila take tarawa daga masana duk shekara goma. Wanda ya ture shi a 2012 kuwa, wato Vertigo na Hitchcock, shi ma da ya fito a 1958 ba a yi masa wata babbar maraba ba, ya ɓace daga gidajen kallo shekaru, sai a 1983 aka sake fito da shi, aka gyara shi a 1996. Hukuncin ranar farko ba shi ne hukuncin tarihi ba, kuma ba a iya ɗaukaka ƙara sai in fim ɗin yana nan ana ganinsa.

Zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980 ya rufe da yawa daga cikin waɗannan gidaje, amma wasu sun jure, wasu kuma sun taso. Akwai Film Forum a New York. Akwai Stanford a Palo Alto, wanda aka gyara aka mai da shi kamar yadda yake a 1925, har da babban kayan kiɗan da ake bin bebayen fina-finai da shi. Akwai New Beverly a Los Angeles, wanda mai shirya fim Quentin Tarantino ya saya, ya kuma shar'anta cewa a kan zaren fim za a riƙa haskawa, ba da kwamfuta ba. Tashar talabijin ta TCM, wadda aka buɗe a 1994 domin tsofaffin fina-finai kaɗai, tana shirya biki a Hollywood tun 2010, a birnin Bologna na Italiya kuma kowace bazara dubban mutane sukan zauna a babban dandalin gari su kalli fim ɗin da aka gyara, wani lokaci da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a gaban allo.

Gyaran kansa aiki ne na haƙuri da tahƙiƙi. Masu yin sa sukan nemi uwar faifan da aka ɗauka da kyamara, in ta lalace su aika taskokin ƙasashe a tattaro kwafe-kwafe, su gwada wannan da wancan domin su gano wanda ya fi inganci da abin da aka yanke daga kowanne, sa'an nan su ɗauki hoton kowane gida na zaren su shigar a kwamfuta su share ƙura da ƙarzuwa. Da yake hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa guda, fim na sa'a biyu yana ɗauke da hoto 172,800. Sharaɗin aikin shi ne kada mai gyara ya ƙara abin da mai shi bai sa ba. Da wasu 'yan kasuwa suka fara shafa wa fina-finan baƙi da fari launi da kwamfuta a shekarun 1980, tsofaffin taurari irin su James Stewart sun yi tir da abin, kuma wannan jayayya ce ta kai ga dokar 1988, wadda a ƙarƙashinta ake zaɓen fim 25 duk shekara a shigar da su rajistar gadon ƙasa. A 1990 Martin Scorsese da abokansa suka kafa gidauniyar da ta tallafa wa gyaran ɗaruruwan fina-finai.

Dalilin fita daga gida

Mai tambaya zai ce, tun da an gyara fim an sa shi a intanet, mene ne na zuwa gidan kallo? Amsa ita ce waɗannan ayyuka an auna su ne da babban allo da kuma taron jama'a. A cikin Lawrence of Arabia na 1962 akwai wurin da Omar Sharif, ɗan wasan Masar, yake fitowa daga cikin kawalwalniyar hamada a kan raƙumi, yana farawa kamar ɗigon tawada, yana matsowa sannu a hankali har ya zama mutum, kuma duk ƙarfin wurin yana cikin wannan jira, wanda a fuskar waya ba a ma ganin ɗigon. Masu barkwanci kuma da dariyar jama'a suke lissafi, har 'yan'uwan nan da ake kira Marx, kafin su ɗauki fim ɗinsu na 1935, sai da suka zaga garuruwa suna gwada wasannin a gaban mutane, ana auna tsawon kowace dariya domin a bar mata gurbi, saboda haka wanda ya kalla shi kaɗai zai ji wasu wurare kamar an yi shiru ba dalili. Bayan wannan akwai tattara hankali, domin a gidan kallo ba ka da ikon tsayar da fim ko tsallake wani wuri, ka ba shi sa'a biyunka cif, shi kuma ya biya ka gwargwadon abin da ka ba shi.

Ba a kuma ce duk abin da ke cikin wannan gado abin yabo ne ba. The Birth of a Nation na 1915 ya ɗaukaka ƙungiyar da ke kashe baƙaƙen fata, Gone with the Wind na 1939 ya ƙawata zamanin bauta, kuma Hattie McDaniel, wadda ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar saboda rawar da ta taka a cikinsa, a wani tebur na gefe aka zaunar da ita daren bikin, nesa da abokan aikinta. Fina-finan Tarzan sun mai da 'yan Afirka 'yan dako marasa suna, wasu kuma sun mai da Balarabe ko dai ɗan fashi ko mai sace mata. Ra'ayina shi ne ɓoye irin waɗannan ba ya warkar da komai, abin da ya dace a haska su tare da sharhin masani, kamar yadda gidaje da yawa suke yi yanzu, domin a ga yadda aka gina ƙarya a kuma koyi gane ta. Aikin adanawar nan kuma shi ne ya dawo da muryar waɗanda aka danne, domin fim ɗin da Oscar Micheaux, baƙar fata, ya yi a 1920 yana nuna zaluncin da ake yi wa mutanensa, an ɗauka ya ɓace, sai aka sami kwafi guda a taskar Sifen.

Mu ma muna da rabo a wannan tarihi. Tun da aka buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, fina-finan kaboyi na Amurka suna cikin abin da iyayenmu suka fara gani kafin na Indiya su rinjaye su. A fim ɗin da Jean Rouch ya yi a 1958 kan samarin Nijar masu aikin ƙarfi a Abijan, Oumarou Ganda da sunan tauraron Hollywood Edward G. Robinson ya fito, a 1966 kuma Moustapha Alassane ya yi fim a kan samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka dami garinsu. Darasin adanawa ma ya riga ya iso ƙofarmu: Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Fina-finan Hausa da aka yi a kaset tun daga 1990 suna kan abin da ke saurin lalacewa a zafinmu da ƙurarmu, kuma da yawa daga cikinsu ba wanda ya san inda asalinsu yake. Amurka, da duk dukiyarta, sai da ta rasa kashi 70 cikin 100 na farkon gadonta kafin ta farga. Ya kamata jami'o'inmu da hukumomin al'adu da su kansu masu sana'ar su fara tattara waɗannan kaset tun masu su suna raye, a kwafe su a killace, sa'an nan a sami zaure a Kano ko Kaduna ko Damagaram inda za a riƙa haska su ga jama'a a kai a kai, tare da wanda zai yi bayanin wanda ya yi su da zamanin da aka yi su.